Kwali ya ce mita 1,800: a mita nawa ake gane dabba da madubin zafi?

Sabon Hannu

Assalamu alaikum, manyanmu. Tambayata a kan madubin bindiga mai ganin zafin jiki ce, irin wanda ake farautar dare da shi. Guda biyu nake kwatantawa. Ɗaya sansarsa, wato ɓangaren ciki da ke ɗaukar hoton zafi, mai ɗigon hoto 384×288 ce, ɗayan 640×512. Dukansu girman ɗigonsu maikiron 12 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), idon gabansu, wato lens, mai tsawon fokas milimita 35, kuma kowanne an rubuta a kwalinsa wai yana hango abu daga mita 1,800. To in nisan ganinsu ɗaya ne, me na biyun ya fi na farko da shi har aka tsawwala masa kuɗi?

Aikin da za a yi da shi korar aladen daji ne da dila masu ɓarna a gona da garke, nisa daga mita 80 zuwa 250, bindiga mai cin harsashin .308, mai salansa, wato abin rage ƙara. Abin da ya fi damuna shi ne: a wane nisa ne mutum zai rantse cewa wannan dila ne ba kare ba, wancan alade ne ba maraƙi ba? Sannan me ya sa wasu ke kukan cewa wani daren hoto yana fitowa tar, wani daren kuma kamar an shafa wa allon toka?

Mai Lissafi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mita 1,800 ɗin nan ba ƙarya aka yi maka ba, amma ba amsar tambayarka ba ce. Bari mu warware ta da alƙalami.

Ka raba girman ɗigo da tsawon idon gaba: 12 a raba da 35, ya ba ka 0.34. Ma'anarsa, a nisan mita 100 kowane ɗigo ɗaya na sansa yana rufe santimita 3.4 na fili. A mita 200 ya zama 6.9. A mita 1,800 kuwa ɗigo ɗaya santimita 62 ke nan, wato mutum mai tsayin mita 1.8 duk gaba ɗayansa ɗigo uku ne a tsaye. Farin tabo ne kawai. Ka san akwai abu mai ɗumi a can, amma mutum ne, jaki ne, kututture ne da ya sha rana, babu mai gaya maka. Wannan shi ne nisan da suke bugawa a kwali.

Akwai ma'aunin da wani masani, John Johnson, ya fitar a 1958 a ɗakin binciken ganin dare na sojan Amurka, har yau da shi ake aiki. A taƙaice: kusan ɗigo 2 a kan abu ka san akwai shi, kusan 8 ka san jinsinsa, kusan 13 ka tantance shi. Ana ƙirga su ne ta ɓangaren da abin ya fi siranta, kuma a wannan adadin rabin masu kallo ne kawai ke cankar daidai. Ka riƙe wannan rabin a zuciyarka, domin mai riƙe da bindiga ba ya wasa da rabi.

Yanzu ɗora shi a kan dabbobinka. Babban alade daga gadon baya zuwa ciki, mu ce santimita 50. Da ido 35 zai cika ɗigo 8 a wajen mita 180, ɗigo 13 a wajen mita 110. Dila mu ba shi santimita 25, har da alfarma: ɗigo 8 a mita 90, ɗigo 13 a mita 55. In ka koma ido mai milimita 50, ɗigo ya ragu zuwa santimita 2.4 a mita 100, sai alade ya koma 260 da 160, dila 130 da 80. Ka ga tsakanin wannan da 1,800 akwai tafiya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: naka biyun nan, tunda ɗigonsu ɗaya idonsu ɗaya, adadin ɗigon da zai sauka a jikin dabba daidai yake. Na 640 bai fi gani da nisa ba ko da taku ɗaya. Faɗin fili ya fi kamawa. A mita 100 na 384 yana nuna maka faɗin mita 13, na 640 yana nuna kusan 22. Shi ya sa na 384 yakan fara da girma wajen ninki 3, na 640 wajen ninki 2. Ka jawo hoton na 640 kusan ninki 1.7, sai ka ga abin da na 384 ke nunawa sak. Kuɗin da ka ƙara faɗi ka saya, kuma faɗi ba abin raini ba ne: garken alade in ya watse bayan harbin farko a mita 60, mai faɗin mita 8 kacal a allonsa lalube zai yi ta yi.

Jawo hoto na dijital kuwa ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya, kumbura waɗanda ke nan yake yi. Ninki 2 yana da amfani wajen ajiye alamar saiti, ninki 4 a kan sansa 384 dabba ta zama tubala. Ƙaramin allon nan da ke fitowa a saman babba ya fi, domin kana ganin wurin bugu da girma, kana kuma ganin abin da ke kewaye.

In da gaske har mita 250 ake so, 640 mai ido 50 ne abin nema, faɗinsa mita 15 a mita 100. In aljihu bai kai ba, a ɗauki 384 mai ido 35 a rage nisan harbi. 384 mai ido 50 yana gani da kyau amma faɗinsa mita 9 ne, kamar leƙe ta ramin makulli.

Tsohon Hannu

Lissafin Malam daidai ne, sai dai zan ɗan sassauta masa ta gefe ɗaya, in tsananta ta ɗayan. Sassaucin: lissafi hoton da ke tsaye yake aunawa, dabba kuwa motsi take yi. Alade kansa a ƙasa, ba ya da wuya a bayyane, yana tafe yana tsayawa yana tono. Dila sassarfa yake yi a miƙe, ya tsaya cak ya waiga. Barewa ta ci ta ɗago kai, ta ci ta ɗago. Wanda idonsa ya saba zai gane su nesa da abin da alƙalami ya ce, in ya yi haƙurin kallo na minti biyu ko uku. Amma dila da kare mai girmansa, wannan ko gwani yana ruɗuwa, kuma babu madubin da ya raba gardamar a mita 200.

Tsanantawar kuma ita ce amsar tambayarka ta toka. Wannan na'ura ba haske take gani ba, bambancin zafi take gani, a zangon maikiron 8 zuwa 14. Duk abin da ya daidaita zafin ƙasa da ciyawa da itace ya kashe maka hoto. Ranar da aka kwala rana sannan dare ya zo garau, dutse na riƙe da zafi, ciyawa ta huce, ƙasa na tsakani, sai fili ya fito kamar zane. Ranar da aka wuni ana ruwa, ko gajimare ya rufe da iska mai kaɗawa, komai ya koma zafi ɗaya. Dabbar za ta haska, amma kamar tana yawo a sarari: ba ka ganin shingen da ke gabanta, ba ka ganin tudun da ke bayanta. Hakan na faruwa na ɗan lokaci ko a rana mai kyau, bayan faɗuwar rana da kuma bayan fitowarta, lokacin da masu hucewa da masu ɗumama suka haɗu a tsakiya. Tururin ruwa a iska yana shanye wannan zafin a hanya, don haka dare mai laima yana rage nisa, hazo mai kauri kuma yana yanke shi sosai. A dare mai tsananin zafi matsalar ta juya: duwatsu da kututture suna haskawa kamar dabba kwance.

Jikin dabbar ma ba duka ke haske ba. Gashi rufi ne. Ido, kunne, hanci, ciki da tsakanin ƙafafu su ne fari, gadon baya kan dushe. Aladen da ya fito daga birgima a taɓo rabinsa ɓacewa yake yi har sai taɓon ya ɗumama. Busasshen ƙaho ba ya da jini, da kyar ake ganinsa.

A nan ne lambar NETD ke aiki, wadda mutane ke tsallakewa. Ita ce ƙaramin bambancin zafin da sansa ke iya rabewa daga hayaniyarta, wato dishi-dishin da ita kanta ke sa wa hoto. Milikelbin 25 yana nufin digiri 0.025, kuma ƙaramar lamba ta fi. A dare mai kyau da kyar ka bambance mai 40 da mai 20, a dare mai laima ne za ka ga inda kuɗinka ya tafi. Hattara biyu: ana auna ta ne da ido mai buɗewa f/1.0 (lambar faɗin ƙofar ido ce, in ta ƙaru ƙofar ta tsuke), in naka f/1.2 ne kusan kashi 30 cikin 100 na zafin da zai shiga ya ragu. Sannan wasu kamfanoni lambar da suke bugawa ta bayan manhaja ta goge hoton ce, ba ta ɗanyar sansa ba, don haka kada a gwada lambar wannan kamfani da ta wancan kai tsaye. Sansa mai ɗigo 17 da ido 50 tana ba da 0.34 ɗin nan dai, kuma da yake ɗigonta ya fi faɗi takan fi jure laima, sai dai na'urar ta fi girma da nauyi.

Rabin hoton da ake zagi kuwa laifin hannu ne. Na'urar tana raba launinta ne tsakanin abu mafi zafi da mafi sanyi da ke cikin allo. Sararin sama garau yana da sanyi ƙwarai a idonta, in ka bar shi ya ci sulusin allo sai duk ƙasa ta dunƙule ta zama launi ɗaya. Sunkuyar da hanci kaɗan sama ta fita, ka ga fili ya dawo. Haka salansa: bayan harbi uku ko huɗu ta yi zafi, ta fara haskawa a ƙasan allo tana dusashe sauran, iskar da ke tashi daga kanta kuma tana kaɗa hoto. Rigar salansa mai jure zafi tana rage wannan.

Fokas guda biyu ne, kuma da tsari. Fara da na wajen idonka, ka juya har rubutun allo da alamar saiti su fito tsaf, ka bar shi ke nan. Sannan na gaba, wanda ake juyawa duk lokacin da nisa ya canja, domin ido mai f/1.0 in ya kama mita 150 to mita 40 ta dushe. Hasken allo a rage shi iyakar yadda za a iya gani. Allo mai haske yana makantar da idon da ke kallonsa, kuma ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya sake sabawa da duhu sosai.

Ƙarar "ƙyas" da kake ji hoto ya daskare na ɗan lokaci ba lalacewa ba ce. Marfi ne na ciki ke rufe sansa don ta daidaita ɗigoginta. Takan yawaita a mintunan farko bayan kunnawa, lokacin da na'urar ke ɗumama. In ka bar ta a kan mai yin kanta, wata rana daidai lokacin da yatsa ke kan kunama za ta daskare. Mai da ita ta hannu, ka danna da kanka kafin ka shiga saiti. In ka ga zane-zane a tsaye ko inuwar abin da ka kalla ɗazu, lokacin dannawa ya yi.

Sabon Hannu

Allah ya saka da alheri, Malam, Baba na gode. Ashe faɗi ake saya ba nisa ba. Saura biyu da nake yawan jin ana kuka da su: wai a saita yau, bayan mako harsashi ya koma gefe, da kuma na'ura ta mutu daidai lokacin da bindiga ta tashi. Daga sansa ne ko daga ina?

Makerin Saiti

Ƙanena, da wuya ya zama sansa. Ka fara zargin mazauni, wato abin da ke riƙe madubi a kan bindiga, sannan saitin da aka zaɓa a manhaja, sannan batir.

Mazauni tukuna. Goge mai daga layin Picatinny, ƙarfen nan mai ramuka a jere da ke saman bindiga, da kuma sukurori. Ɗora mazaunin, kafin ka ɗaure ka tura shi gaba wajen hanci har haƙorinsa ya dafa bangon ramin. Dalili: in bindiga ta yi shuri baya take zuwa, madubi kuma nauyinsa na son tsayawa inda yake, wato gaba yake zamewa a kan layin. In ka bar rata a gaba, kowane harbi zai ci kaɗan daga cikinta. Madubi mai bututun milimita 30 da ake ɗaurewa da zobba, sukurorin zobe galibi tsakanin 1.7 da 2 Nm ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, a ɗaure su bi da bi a giciye, da abin ɗauri mai ma'auni, kuma lambar da mai zobban ya rubuta ita ce gaba. Matsewa fiye da kima na lotsa bututu, kuma a cikinsa lantarki ne da batir. Ka ɗiga fenti a kan kowane sukuri ya haɗo da jikin zobe, da ya motsa za ka gani. Mai cirewa da mayarwa ya riƙa mayarwa a rami ɗaya kullum.

Wajen saiti, takarda ba ta fitowa a wannan madubi, sai ka yi wa kanka tabo. Yanki na takardar alminiyom mai faɗin santimita 4 ko 5 ya isa, a ɗan karkata shi sama ya ɗauko sanyin sararin sama, zai fito baƙi ƙirin a saitin fari-zafi, inda abu mai zafi ke fitowa fari. Ƙunshin ɗumama hannu ma na yi, sai dai zafinsa na bazuwa cikin kwali, tabon ya kumbura ka rasa tsakiyarsa. Fara a mita 25 ko 50 don ka hau takarda, sannan 100. Harba uku, ba ɗaya ba. Manna wani ɗan alminiyom a tsakiyar ramukan ukun, koma ka ɗora alama a inda ka auna da farko, daskarar da hoto, ka tuƙa alamar zuwa sabon tabon, ka adana. Sake harba uku don tabbatarwa. A yawancinsu taku ɗaya na alama yana raguwa in ka jawo hoto, don haka gyaran ƙarshe a ninki 2 ko 4 ake yi. Kada ka nemi abin da na'urar ba ta da shi: ɗigonta santimita 3.4 ne a mita 100, rukunin ramukan harsashi da ya faɗa cikin santimita 4 zuwa 5 ya yi.

Rubuta lambobin X da Y, masu nuna inda alamar saiti ta tsaya a allo, a takarda. Na'urorin nan na ɗaukar saitin bindiga da yawa da nisa da yawa, kuma yatsa cikin duhu na iya sauya A zuwa B ba ka sani ba. Sabunta manhaja ma wani lokaci na goge su. Cire salansa ko sauya nauyin harsashi kuwa sabon saiti yake so.

Akwai kuskuren da ake ɗora wa saiti alhali na nisa ne. A wannan madubi ido ba ya iya kintata nisa, zomo a mita 60 da alade a mita 250 na iya zama tabo iri ɗaya. Harsashin .308 da aka saita a mita 100 yana sauka wajen santimita 12 zuwa 15 a mita 200, ya kusa rabin mita a 300. Ma'aunin nisa na leza, a jikin madubin ko a na hannu, ya fi ƙarin ɗigo amfani a nan. In babu, a auna gonar da rana a san nisan kowace bishiya da kusurwa. Ta kusa ma akwai nata: madubin na zaune santimita 6 zuwa 7 sama da bututun bindiga, a mita 10 harsashi ƙasa da alama zai buga.

Mutuwa lokacin harbi kusan kullum batir ne ke rabuwa da ƙarfen da yake taɓawa na ƙiftawar ido. Batir 18650 tsawonsa milimita 65 ne, mai kariya a ciki yakan kai 68 zuwa 70. In ramin an yi shi don dogon ka sa gajere, shuri zai girgiza shi wuta ta yanke. Duba wanda littafin ya ce, duba ko sifirin ya saki. Na gaskiya galibi bai cika wuce wajen 3,500 mAh ba, duk wanda aka rubuta wa 9,900 jabu ne. Awannin da ke kwali an auna su ne a ɗaki mai ɗumi, Wi-Fi a kashe. Sanyi, ɗaukar bidiyo da leza duk suna ci, saboda haka na canji ya zauna a aljihun ciki. Mai jona fawa-bank ya ɗaure wayar a jikin bindiga, in ba haka ba shuri zai karya ramin cajin. A duba ƙarfin shurin da aka yarje wa na'urar ma: masu kyau sukan rubuta jul 6,000 na ƙarfin harsashi ko babban harsashin .375 H&H, wanda .308 ba ta kusa da shi.

Idon gaba ba gilashi ba ne, jameniyom ne mai rufi, shi ya sa na'urar ba ta gani ta gilashin mota ko taga. Hure ƙura kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce rufin. Raɓa ko gumi a kansa na toshe hoto gaba ɗaya, domin ruwa ba ya barin wannan zafin ya wuce. Kada a kalli rana da shi, ko a kashe yake a rufe marfi.

Mai Gadi

Abu biyu da ba a taɓo ba. Na ɗaya doka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha. A Texas ta Amurka ana harbin aladen daji da dare da irin wannan madubi a filin mai shi. A Ingila ana harbin yanyawa da zomo da ɓera da shi, amma barewa da dare sai da lasisi na musamman. Jamus ta hana madubin dare da aka ƙera don bindiga, a 2020 ne ta buɗe wa mafarauta ƙofar wanda ake maƙalawa a gaban madubin rana, kuma dokar farauta ta kowace jiha ce ke faɗin dabbar da za a yi da shi. Fitar da shi daga wata ƙasa zuwa wata ma yakan buƙaci izini. A tambayi hukuma kafin a biya kuɗi.

Na biyu, kada a yi neman dabba da madubin da ke kan bindiga. Duk abin da ka leƙa da shi ka nuna masa hanci ke nan, ko makiyayi ne ya tsuguna. Nema da na hannu ake yi, bindiga sai an tantance. Mutum a tsugune ko yana rarrafe a cikin ciyawa, a mita 150, siffar alade gare shi. Siririyar waya da ƙananan rassa ba sa fitowa, musamman in fokas na nesa, kuma suna karkatar da harsashi. Sannan a daren tokar da Baba ya kwatanta, in ba ka ga ƙasar da harsashi zai nutse a bayan dabbar ba, babu harbi.

Mai Lissafi

Ƙari kan na hannun da Yallabai ya ambata: shi faɗi ake nema a gare shi, ba girma ba. Sansa 384 mai ɗigo 12 da ido 19 tana ba da faɗin mita 24 a mita 100, mai ido 25 tana ba da 18, ko wanne ya ishi nema da bin dabbar da aka buga, tunda gawa na riƙe ɗumi na awanni ko da jinin da ya zuba ya huce cikin mintuna. Kafin ka fita da bindiga, ɗan'uwa, ka sa a tsayar maka da kare da akuya a mita 50, 100, 150 da 200 da ka auna, ka kalle su da madubin a cire daga bindiga, sau ɗaya a dare garau, sau ɗaya bayan ruwa. Inda ka fara kokwanto a daren ruwan, ka rubuta lambar a tef ka manna a gindin bindigar.